Shatin Yatsu Huɗu a Damtsen Yaro

Azumin 1443 a tsakiyar bazara ya faɗo. An ɗauka ranar Asabar 2 ga Afrilun 2022, aka yi Sallah ranar Litinin 2 ga Mayu, wato kusan watan kaf a cikin Afrilu aka yi shi, watan da zafin Katsina ke taka maki 40 har ya ɗora. A irin wannan azumi duk macen da ke da firiza da ɗan jari ta zama 'yar kasuwa. Ƙanwata, wadda ke aure a wani babban gida cikin birni ta wajen Ƙofar Marusa, ba a bar ta a baya ba. Zoɓo take yi da lamurje, sai wani haɗi nata na lemon tsami da ɗanyar citta da na'a-na'a wanda ya fi sauran kasuwa, don tun la'asar sakaliya ake sallama a zaure ana tambayarsa. Da ta ga ciniki ya buɗe, sai ta ƙaro ƙanƙarar madara mai ƙamshin lemon tsami a 'yan kofunan roba, yara na rububinta bayan an sha ruwa.

A goman tsakiya hannunta ya fara. Da fari raɗaɗi take ji a bayan hannu, irin na wadda ta yi jajjagen attarugu. Washegari wurin ya tasa, tsakanin yatsu ya yi bororo ya ɗuri ruwa. Bororon ya fashe ya bushe, sai baƙi ya maye gurbinsa, baƙin da ya fi fatarta duhu nesa ba kusa ba. Ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Mai girkin azumi ba ta rasa tabo.

Yaronta ne ya tayar da ƙura, ɗan shekara biyu. Ana cikin yi masa wanka aka ga layi huɗu baƙaƙe a jere a bayan damtsensa na hagu, ga kuma guda mai kauri ta ciki. Ba sai an kira mai duba ba: yatsu huɗu ne da babban yatsa. Wani ya damƙi yaron. Kafin a shanya tawul gida ya riga ya yanke hukunci, hukuncin kuma ya faɗa kan wadda ta fi kowa rashin mai tsaya mata, yarinyar da aka kawo riƙo daga wani ƙauye ta wajen Kaita, 'yar shekara 12, wadda ke goyonsa. Uwar miji ta ce a haɗa mata kayanta. Gwaggonmu, da labari ya iske ta, nata fashin baƙin daban ne. Ta ce, "Wanga ba hannun bil'adama ba ne. Uwa da ɗa a mako guda? Ciniki ya buɗe mata, baki ya yi yawa. A nemo tazargade a turara ɗakin."

Ana cikin haka ƙanwata ta bugo mini waya. "Yaya, don Allah ka zo. Za su mai da yarinyar nan gida, ni kuwa raina bai ba ni ita ce ba."

Ban tafi ni kaɗai ba. A unguwar akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata, ita na biya na ɗauko. Ta ɗora yaron a cinya, ta ba shi dabino, ta bi layukan nan tana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Ko gezau, dabinonsa yake tsotsa. Ta ɗago ta dubi uwar miji. "Hajiya, da matsa ce ta kwantar da jini har ya yi wannan duhun, da yanzu ihunsa ya kai Ƙofar Soro." Ta ce kwantaccen jini yana da ciwo, yakan ɗan kumbura, bakinsa ba ya fita tsaf, bajewa yake cikin fata, kuma kullum launinsa sauyawa yake har ya ɓace cikin mako biyu ko makamancin haka. Wannan kuwa bakinsa a yanke yake, ba kumburi, ba ciwo. A saman fata abin yake, ba daga cikin tsoka ya taso ba.

Sai ta ce kowace mace a gidan ta zo ta ɗora hannunta a kan shatin. Aka fara da yarinyar, tana rawar jiki. Yatsunta ko rabin layukan ba su kai ba. Faccalar ƙanwata ta ɗora, bai zauna ba. Har uwar miji Mama ba ta ɗaga wa ƙafa ba, ta ɗora tana tsaki. Da ƙanwata ta miƙa hannunta na dama, kowane yatsa ya kwanta a kan layinsa, babban yatsa ya faɗa daidai kan mai kaurin nan na ciki. Tsakar gida ta yi tsit. Ƙanwata ta fashe da kuka tana rantsuwa ba ta taɓa dukansa ba.

Mama ta ce, "Ban ce kin doke shi ba, ɗiyata. Cewa na yi kin taɓa shi. Abin da ya ci hannunki shi ya ci damtsensa. Saura mu gano mi ne ne."

A nan ya kamata a ce an kira yarinyar an ba ta haƙuri. Ba a yi ba, sai dai aka daina maganar haɗa kaya, wanda a gidajenmu sau da yawa shi ne iyakar haƙurin da ɗan riƙo ke samu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, awon da ya wanke ta bai ci minti biyar ba, kuma tun kafin Mama ta zo kowa na iya yinsa.

To, me ke hannun ƙanwata? Muka shiga lissafi. Tafasasshen mai ne? Ƙunar mai a take ake jinta, kuma da ta kama yaro da hannu mai zafin da zai ƙona shi, da gidan kaf ya ji. Baƙin lalle ne? Wannan zargi ne mai tushe, domin baƙin lallen da ake yayi ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi, kuma yana tayar wa wasu mata da bororo da ƙaiƙayi mai tsanani. Amma shi zanen da aka yi yake bi, fure ya fito fure, ita kuwa rabonta da lalle tun kafin azumi, Sallah kuma da saura. Man shafawa ne? Basilin take shafawa ita da yaron, kuma da shi ne da ba a damtse ɗaya zai tsaya ba. Faccala ta kawo zancen hangara, ƙwaron nan da in ya bi ta jikin mutum ruwansa ke tayar da bororo. Mama ta ce hangara ta damina ce, lokacin da gero ke fure, wa ya gan ta a Afrilu, kuma ƙwaro ba ya zana yatsu biyar. Sabulun wanki kuwa gidan duka shi ake amfani da shi.

Sai muka koma kan sana'ar, muka tambayi wa ke yin me. Yarinyar ce ke wanke zoɓo, ta kankare citta ta gurza. Faccala ce ke ɗurawa a gora da ɗaurin leda. Dukansu hannunsu lafiya lau. Aiki ɗaya ne ƙanwata ba ta yarda kowa ya taɓa mata ba, yankan lemon tsami da matsarsa, wai kar a sakar mata 'ya'yan a ciki su sa ɗaci. Kuma ba ɗan kaɗan take matsewa ba. Ɗan lemon tsamin nan namu ƙarami, mai siririn ɓawo da yawan 'ya'ya, in ya yi kirki ya ba ka cokali ɗaya ko ɗaya da rabi. Mai cika jarka sai ta matse abin da ya tasar wa rabin bokiti, da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Mama ta ce ta gwada mana yadda take yi. Ta ɗaga hannu sama da bakin roba, ta dunƙule. Nan take muka ga hanyar ruwan: yana tsattsafowa ta tsakanin yatsu, ya malala a bayan hannu, wani ya gangara ta tsintsiyar hannu ya nufi gwiwar hannu. Ita ce kuwa taswirar baƙin da ke jikinta, har da wani siririn layi da ya gangaro ta gefen hannun dama.

Mun ɗauka an zo ƙarshe, sai Innarmu ta rushe ginin. Ta zo duba jikanta, ta saurari bayaninmu har muka dire, sannan ta baje hannuwanta biyu. "Tun ba a ƙirƙiri jihar Katsina ba nake matsar lemon tsami. Ku duba nan, ina baƙin?" Jihar a 1987 aka ƙirƙire ta, saboda haka Inna shekara 35 take magana a kai, ko fiye. Ta ƙara da cewa a Babbar Kasuwa da 'Yar Kutungu masu sayar da shi yini suke suna juya shi da hannu, wa ya taɓa jin ya ƙona su? Hujja ce mai ƙarfi, babu wanda ya iya amsa ta a ranar. Gwaggo ta samu ƙarin mabiya, aka turara ɗaki.

Zobe ne ya buɗe hanya. Mama ta dawo duba hannun, ta ce a cire zoben azurfar da ke yatsan ƙanwata don ta shafa mata magani. Da zoben ya fita, sai ga zagayen fata fes, launinta na asali, baƙi ta sama baƙi ta ƙasa. Mama ta daɗe tana kallonsa. Ta ce in da lemon tsami ne kaɗai ke ƙunar, ai ƙarƙashin zobe ne zai fi ko'ina lalacewa, domin nan ruwa ke maƙalewa ya daɗe bai bushe ba. Ga shi kuwa nan ne kaɗai ya tsira. Muka sake bin siririn layin nan na gefen hannu. Bai ƙare a hankali ba yadda ɗigon ruwa ke ƙarewa, yankewa ya yi ƙasa kaɗan da gwiwar hannu, daidai inda take naɗe hannun rigarta in tana aiki. Sai ƙanwata ta tuna ranar da ta kama yaron. Ya taho da gudu zai faɗa kan wuƙa, ta cafke damtsensa da dama, ta zura hagu ta ƙarƙashin singiletinsa ta ɗaga shi ta ajiye gefe, ya ci gaba da wasansa a tsakar gida. Hannu biyu ta sa, duka a jiƙe, amma shati ɗaya ya fito. Aka ɗaga singiletin aka duba haƙarƙarinsa, babu komai.

Ƙarƙashin zobe, ƙarƙashin hannun riga, ƙarƙashin singileti. Duk wuraren nan ruwan lemon ya taɓa su. Abin da bai taɓa su ba rana ce.

Mama ta juya ga Inna. "Yaya, ke da yaushe kike matsar naki?" Inna ta ce bayan la'asar, a rumfa, guda biyar ko shida na shan gida, ta wanke hannu ta shiga tuwo. Ƙanwata fa? Daga hantsi zuwa gab da azahar, a tsakar gida kusa da famfo, saboda ɗakin girki ba ya shiguwa don zafi, kuma a wancan lokacin, da rana ake kawo musu wuta, in ba ta cika firiza kafin azahar ba abin ba zai yi ƙanƙara kafin shan ruwa ba. Ga kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Katsina tana kan digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, kuma sau biyu a shekara rana ke tsayawa cak a tsakar kanta, wajen 25 ga Afrilu da kuma wajen 18 ga Agusta. A Agusta akwai hadari da gajimare. A Afrilu babu abin da ke tsakaninka da ita, inuwarka ma a ƙarƙashin ƙafarka take. Wato ƙanwata ta zaɓi sa'o'in da suka fi kowanne haske, a makonnin da suka fi kowanne haske a shekara, ta jiƙa hannunta da lemon tsami ta shanya.

Mama ta ce ita nan saninta ya tsaya, a je a ga likitan fata. Likitan ya juya hannun sau biyu, ya dubi damtsen yaron, kafin a ce masa komai ya tambaya, "Hajiya, lemon tsami kike matsewa a rana?" Daga bakinsa muka ji yadda abin ke aiki. A cikin lemon tsami akwai wasu sinadarai da ake kira furokumarin, waɗanda itacen ke kare kansa da su daga ƙwari da funfuna. Su kaɗai ba sa yi wa fata komai. Sukan ratsa ta, su shige cikin ƙwayoyinta su kwanta. In wani ɓangare na hasken rana wanda ido ba ya gani, wanda masana ke kira UVA, ya sauka a kansu, sai su tashi su maƙale wa ƙwayar halittar da ke tsakiyar kowace ƙwayar fata, su kashe ta. Mutuwar ƙwayoyin nan ita ce raɗaɗin da bororon. Fata kuma, garin kare kanta, sai ta yi ta zubo baƙin launi a wurin, shi ne tabon. Ba borin jini ba ne da ke kama wani ya bar wani. Duk wanda ya sha isasshen ruwan lemon a fata da isasshiyar rana zai gani, sai dai wani ya fi wani. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai, shi ya sa a jikin yaron babu wanda ya lura da komai sai da baƙin ya bayyana, kuma a fatarmu baƙin ya fi daɗewa.

Abin da ke ɓatar da sawu shi ne jinkiri. Ba a ranar abin ke nunawa ba. Sai bayan kwana guda ake fara jin zafin, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a kwana na biyu zuwa na uku, baƙin kuma ya biyo baya. Kamar zanen da aka tsamo daga karofi ne, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska shuɗin ke kama shi. Kafin tabo ya fito, wa zai tuna ya matse lemo shekaranjiya? Mutum abin da ya faru jiya ko yau yake zargi, ko kuma wanda ya fi kusa da hannu.

Mijin ƙanwata ya ce shi akwai inda bai gane ba: ai tana alwalar azahar, hannu sau uku har gwiwa, me ya hana ya wanku? Likita ya ce abu biyu. Na ɗaya, sinadarin a cikin man ɓawo ya fi yawa, mai kuwa ruwa zalla ba ya fitar da shi sai da sabulu. Na biyu, cikin rabin sa'a zuwa sa'a biyu ya riga ya shige fata, gumi da laima ma taimaka masa suke yi, kafin a kira azahar an gama ɓarnar. Maganar ɓawon nan ita ta warware wata tambayar da ni kaina nake riƙe da ita, wato me ya sa goman farko ya wuce lafiya. A goman farko lemon da take matsewa kaɗan ne. A goman tsakiya ne ciniki ya ninka, kuma a nan ne ta fara ƙanƙarar madara, wadda ƙamshinta daga koren ɓawon yake. Sai ta riƙa goga lemon a magogi tana tara gārin ɓawon da yatsu. Duk gogawa ɗaya tana fasa ɗaruruwan 'yan jakunkunan mai da ke jikin ɓawon, man ya fantsama a bayan hannu. Masu sayarwa a kasuwa kuwa lemon a rufe suke juya shi, da tafin hannu, wanda fatarsa ta fi ta bayan hannu kauri sosai. Shi ya sa ko ita ƙanwata tafinta bai yi komai ba.

Ashe abin tsohon sani ne a wajen likitoci. A 1916 wani likita mai suna Freund ya rubuta labarin matan da baƙin tabo ke fito musu a wuya bayan sun shafa turaren kolon sun shiga rana, tabon yana bin hanyar da turaren ya gangara. Turaren da man bagamot ake yinsa, ɗan'uwan lemon tsami ne da ake nomawa a kudancin Italiya. A 1942 Robert Klaber a Ingila ya tattara ire-iren wannan ƙuna ta tsiro da rana a ƙarƙashin suna guda. A 1984, a wani sansanin hutun yara a jihar Maryland ta Amurka, yara kusan 100 suka tashi da tabo a hannu. Da aka bi sawu, sai aka tarar an sa su aikin hannu ne, suna huda ɓawon lemon tsami suna cusa kanumfari don ƙamshi, sannan suka fita wasa a rana. A can har laƙabi suka yi wa ƙunar da sunan margarita, wata barasa da suke haɗawa da lemon tsami a bakin ruwa lokacin zafi. Likitocinsu kuma sun sha rubuta gargaɗi cewa shatin hannu irin na damtsen yaron nan ya sa an zargi iyaye da masu reno da dukan yara. Ba gidan Ƙofar Marusa ne farau ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan ɓarnar ita ce wasu suka mayar magani. Tun zamanin da, Misirawa ke amfani da wani tsiro na gaɓar Nilu mai irin wannan sinadari wajen maganin albaras: a shafa ko a sha, a zauna a rana, farin wurin ya yi bororo, in ya warke launi ya dawo. Ibnul Baiɗar, masanin tsirran nan haifaffen Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya ambaci wannan magani a littafinsa. A 1948 likita El Mofty a Alƙahira ya yi wa masu albaras magani da tsantsar sinadarin da aka tace daga tsiron, kuma har yau likitocin fata na haɗa shi da fitilar UVA, da awo, a asibiti. Wato aikin sinadarin nan ke nan a duniya, ya baƙanta fata.

Na jaddada wannan ne saboda abin da ya biyo baya. Likita ya ce a bar bororo ya warke da kansa, a riƙa sanyaya wurin da tsumma mai ruwan sanyi, a rufe shi daga rana, baƙin zai dusashe cikin makonni ko watanni. Na yaron ya kama hanyar dusashewa. Na bayan hannun ƙanwata ma haka. Amma gaɓoɓin yatsunta, maimakon su washe, sai ƙara duhu suke, har bayan Sallah, alhali ta daina matsa a rana. Gwaggo ta fara gyaran murya. Mama ta kira ƙanwata gefe ta ce, "Faɗa mini gaskiya, mi kike shafawa?" Ashe wata ƙawarta ce ta ba ta sirri: ta yanka lemon tsami ta barbaɗa sukari ta riƙa dirzawa a gaɓoɓin kowace safiya, baƙin zai fita kafin Sallah. Ta dirza, ta fita kasuwa sayen kayan Sallah, ta dirza, ta tafi gaishe-gaishe. Hijabi ya rufe ko'ina, ban da yatsun da ke riƙe da jaka.

Wannan sirri ba na ƙawarta ba ne ita kaɗai. Duk wanda ke jin masu koyar da gyaran jiki a waya ya san lemon tsami ne gwarzonsu: a haɗa da zuma a shafa a fuska, a goga a gwiwa, a goga a wuya. Ba na jin akwai shawarar da ta fi wannan rashin dacewa da garin da rana ke tsayawa a tsakar kai. Wadda kuma ta riga ta saɓule fatarta da man bilicin, ta rage wa kanta garkuwar da Allah ya ba ta, ita abin ya fi ci.

Babu wanda ya ce a bar lemon tsami, shansa a cikin abin sha ba ya jawo wannan ƙuna. Lokaci da wuri aka sauya. Ƙanwata ta sayi ƙarfen matsa lemo, ta koma aiki a ɗaki, tana gamawa ta wanke hannu da sabulu har gwiwa kafin ta taɓa yaro ko ta leƙa tsakar gida. Gugar ɓawo ta koma bayan isha'i. Ta so ta mayar da matsar ma dare gaba ɗaya, sai ta tarar ruwan da ya kwana yana wayar gari da ɗaci-ɗaci. Shi ma da dalilinsa. A cikin 'ya'yan lemon da farar fatar da ke raba ɓangarorinsa akwai wani sinadari marar ɗanɗano, wanda in ya haɗu da tsamin ruwan yake rikiɗa a hankali ya zama mai ɗaci, limonin ake ce masa. Ashe tsoron da take yi wa 'ya'yan yana kan hanya, haka ma al'adar Inna ta matsewa gab da sha. Maganinsa kar a matse lemo har ƙarshen ƙarfi, a tace nan take, wanda ba za a sha yanzu ba a daskarar da shi, don sanyi na rage wa rikiɗar gudu. Ruwan citta da sukari shi ke iya kwana, lemon a ƙarshe yake shiga.

A zoɓo ma a ƙarshe yake shiga, bayan an sauke ya huce, in ba haka ba tafasa ta kore ƙamshin. Kana zubawa za ka ga jan ya ƙara haske, domin launin zoɓo tsami yake so. Masu jefa kanwa don kashe tsami su ne nasu ke komawa duhu. Mai son irin haɗin otal kuma, capman ɗin da ya taso daga Legas, zoɓo mai kauri na iya tsaya masa a madadin jan sirof ɗin da ake zuba masa, a ƙara lemon kwalba da yankan kokwamba da lemon tsami. Ɗigon Angostura da ake sa wa na asali akwai barasa a cikinsa, shi ya sa masu kiyayewa ke barinsa.

Ita kuwa ƙanƙarar madarar da ta jawo duk wannan, dabararta ɗaya ce da ta awara. Madara na tsinkewa in tsami ya kai wani mizani, ruwan lemon tsami kuma ya wuce mizanin nan da nisa. In ka zuba shi a madarar ruwa mai ɗumi, guda-guda za ta yi, ruwa gefe. In kuwa madarar gwangwani ce mai kauri mai sukari, kuma da sanyinta, aka zuba lemon kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba ta tsinkewa, kauri take yi ta kama jikinta, ta yi santsi, ba tare da ta ga wuta ba. Da wannan dabarar mutanen tsibiran kudancin Florida ke yin wani kek ɗinsu da ya yi suna, wanda jihar ta ayyana a matsayin nata a 2006, kuma da irin ɗan ƙaramin lemon tsamin nan namu mai 'ya'ya suke yinsa.

Mijin ƙanwata, wanda ba ya sakin magana da wuri, ya dawo da tambaya ta ƙarshe. Ya ce to mai feren lemon zaƙi fa, wanda ke yini a bakin titin Ƙofar Ƙaura, rana na dukansa, man ɓawo na fantsama masa har gwiwar hannu? Shi me ya sa bai ƙone ba? Amsar tana cikin dangin lemon ne. Ba duka suka gaji sinadarin daidai ba. Lemon zaƙi da tanjirin abin da ke jikinsu kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya yi ƙuna ba. Masu shi da yawa su ne lemon tsami da bagamot da garehul. Mai feren nan zai iya shekara a rana da wuƙarsa bai ga komai ba, muddin hajarsa lemon zaƙi ce. Mijin ya yi shiru, sannan ya ce a ƙaro masa kofi ɗaya na mai madarar.